Janar Smedley Butler: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

A wannan fitowa tarihin namu zai ƙetare teku zuwa Amurka, mu duba rayuwar wani soja mai suna Smedley Butler. Mutumin nan ya yi shekara 33 cikin kaki, ya yi yaƙi a ƙasashen mutane tun daga Sin har Haiti, sau biyu ana rataya masa lambar jarumta mafi girma a ƙasarsu, sannan da ya ajiye aiki ya fito bainar jama'a ya ce shi in ya waiwaya, abin da ya yi bai wuce aikin ɗan banga ga bankuna da manyan kamfanoni ba. Mu 'yan kasuwa mun san ba a gane riba ko faɗuwa sai an zauna an buga lissafi. Jarumai suna da yawa a fagen fama, amma wanda zai zauna ya buga lissafin jarumtarsa da kansa, ya karanta wa mutane sakamakon ba wanda ya tilasta shi, irinsa kam sai an tona.

Bari mu fara da rundunar tasa, don kada a rikita ta da sojan ruwa. Sunanta Marin, su ne waɗanda gidajen rediyo kan kira sojojin kundumbala na Amurka. Jirgin ruwa ne ke ɗaukarsu, amma faɗansu a tudu suke yinsa. In rigima ta tashi a wata ƙasa mai bakin teku, su ake fara saukewa. A zamanin da muke magana rundunar ƙarama ce, mutum 'yan dubbai, kuma shugaban ƙasa yana iya tura su ba sai majalisa ta zauna ta ayyana yaƙi ba. Ku riƙe wannan, don shi ya sa sunansu ya yi ta fitowa a kusan kowace rigima ta ƙananan ƙasashen da ke kudu da Amurka.

An haifi Butler ranar 30 ga Yuli 1881 a garin West Chester, jihar Pensilbaniya. Iyayensa 'yan wata ɗariƙar Kirista ne da ake kira Quaker, mutanen da aka san su da ƙin ɗaukar makami. Ubansa, Thomas Butler, lauya ne, ya yi alƙali, ya kuma yi shekara 31 a majalisar wakilai, har ya zama shugaban kwamitin da ke kula da harkokin sojan ruwa, wato kwamitin da kuɗin Marin ke bi ta hannunsa. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. A gaba za mu ga yadda tuwon ya koma bayan an rasa mai murhun.

A watan Fabrairu 1898 jirgin yaƙin Amurka mai suna Maine ya tarwatse a tashar Habana ta ƙasar Kuba. Jaridu suka ɗora wa Sifen laifi, don ita ke mulkin tsibirin a lokacin, samari suka yi ta tururuwar shiga soja. Butler yana da shekara 16, yana makaranta. Ya je ya ce shekararsa 18, aka karɓe shi da muƙamin ƙaramin laftanar. Shi da bakinsa ya ba da labari cewa da uban ya ji, sai ya ce masa to ya je, amma kada ya kuskura ya sake ƙara ko shekara ɗaya a kai, don shi da uwarsa sai a 1879 suka yi aure. A Kuba bai samu wani faɗa ba, ya isa Guwantanamo bayan an riga an ci wurin (e, Guwantanamon nan dai da kuka sani). Sai a 1899, a tsibiran Filifin, ya fara jin ƙarar harsashi a kusa da kunnensa, a wani gari Noveleta. A can ne kuma ya sa aka zana masa tambarin rundunar Marin a ƙirji, tun daga maƙogwaro har ƙugu: gaggafa, da taswirar duniya, da ƙugiyar tsayar da jirgi. Aikin ƙuruciya ke nan.

Inda sunansa ya fara fita shi ne ƙasar Sin a 1900, lokacin tawayen da Turawa suka kira na 'yan dambe. Talakawa ne mafi yawansu, waɗanda suka gaji da yadda baƙi suka rarraba tashoshin ƙasarsu da cinikinta, suka tashi suna kashe baƙi da 'yan mishan da Sinawan da suka bi addinin mishan, har aka yi wa unguwar jakadu ta Bejin ƙawanya kwana 55. Ƙasashe takwas suka haɗa runduna don su fasa ƙawanyar. Hanyar Bejin kuwa ta birnin Tiyanjin ta bi, birni mai ganuwa, kewaye da fadama da kududdufai. Ranar 13 ga Yuli aka afka masa. Sojojin suka maƙale a fili cikin ruwa da laka, wuta na sauko musu daga saman ganuwa tun safe har dare, ba gaba ba baya. Cikin wannan hali Butler ya hango wani nasu ya faɗi da rauni a sarari. Ya fita daga ramin da yake fakewa don ya jawo shi, harsashi ya same shi a cinya. Wanda ya taso taimakonsa shi ma aka harbe shi. Duk da haka, da ƙafar nan mai zubar jini, Butler ya taimaka aka kai mai raunin baya.

Dokar lokacin ba ta yarda a ba hafsan Marin babbar lambar jarumta ba, ta ƙananan sojoji ce kawai. Huɗu daga cikinsu suka same ta a faɗan Tiyanjin, shi kuwa aka ɗaga shi zuwa kyaftin na girmamawa yana kwance a asibiti, saura kamar mako biyu ya cika shekara 19. Ciwon bai gama warkewa ba ya tashi ya bi ayarin Bejin. A can wani harsashi ya same shi a ƙirji, ya daki maɓallin rigarsa ya kauce, sai dai ya yage wani yanki na taswirar da aka zana masa, daidai Amurka ta Kudu. Abin da harsashi ya kasa, zazzaɓin taifot ya kusa yi, a kwance aka mai da shi gida.

Mu tsaya nan mu ba shi haƙƙinsa. Wanda ya fita daga maɓoya ana ruwan wuta don ya ɗauko ɗan'uwansa, wannan jarumi ne a kowane harshe, kuma ba bankin da ya biya shi ya yi haka. Tambayar me ya kai shi gindin ganuwar wasu mutane tun farko, wannan yaro ɗan shekara 18 bai yi ta ba tukuna.

A 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, Butler yana Honduras. Daga nan ya shiga jerin rigingimun da ake kira yaƙe-yaƙen ayaba, saboda kamfanonin Amurka masu gonakin ayaba da layin dogo da tashoshin ruwa a yankin. Yadda abin yake aiki ba wuyar ganewa ga ɗan kasuwa. Banki a New York zai ba ƙaramar ƙasa bashi, a jinginar masa da kuɗin kwastan. In tawaye ya tashi, ko aka samu shugaban da ya fara taurin kai, to bashi ya shiga haɗari, sai a ce rayukan Amurkawa da dukiyarsu na cikin barazana, sai ga jirgi ɗauke da Marin. Kamar mai bin ka bashi ne ya zo da ƙarti ya zauna a rumfarka, yana karɓar cinikin yini da hannunsa, sannan shi zai zaɓa maka yaron shago. A waɗannan shekaru ne zazzaɓi ya riƙa ja masa ido yana zurmawa, har sojojinsa suka laƙaba masa suna mai ma'ana kusa da "tsoho mai ido kamar basilla". A Nikaraguwa a 1912, yana fama da zazzaɓin cizon sauro, ya ja jirgin ƙasa cike da sojoji ya ratsa kwanton ɓauna a garin Masaya ya isa Granada, kuma a watan Oktoba yana cikin waɗanda suka hau tudun Coyotepe suka murƙushe mayaƙan Janar Zeledon. Ku lura da wani abu: tun a waɗannan shekaru yana rubuta wa iyayensa wasiƙa yana ƙorafin cewa Amurkawa masu jari a ƙasar ne ke hura wutar rigimar da kuɗinsu. Za mu dawo kan wasiƙun nan.

Lambarsa ta farko a Meziko ya same ta, kuma labarinta ya fi kama da abin dariya. A farkon 1914 an tura shi birnin Meziko cikin kayan gida, da sunan wani ma'aikacin jirgin ƙasa Mista Johnson, ya leƙo barikokinsu ya zana taswira. A watan Afrilu aka kama wasu matuƙan jirgin Amurka a Tampico, aka sake su nan take tare da ban haƙuri, amma Amurka ta ce sai an harba igwa 21 an gai da tutarta. Ana cikin haka sai labari ya zo cewa wani jirgin Jamus na tafe da makamai ga shugaban Meziko, Janar Huerta. Shugaba Wilson ya sa aka kama tashar Veracruz. An yi faɗa gida-gida na 'yan kwanaki, Amurkawa kusan 20 suka mutu, 'yan Meziko fiye da 100, da yawansu fararen hula. Da aka tashi rabon lambobi sai aka raba babbar lambar nan har fiye da 50, kamar ana rabon goron ɗaurin aure. Butler ya mai da tasa, ya ce bai yi abin da ya cancance ta ba. Aka dawo masa da ita da umarni cewa ya riƙe, kuma dole ya riƙa rataya ta.

Ta biyun kuwa a Haiti ne, kuma a nan za mu ɗan daɗe, don nan ne jarumtar mutumin da laifinsa suka haɗu wuri ɗaya.

Haiti ƙasar baƙar fata ce, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. A takardun gonakin Faransawa na wancan zamani har ana samun bayin da aka rubuta a matsayin Hausawa. Su ne suka tashi suka kori Faransa suka kafa ƙasarsu a 1804, kuma don kada a sake mai da su bayi a kan ƙasarsu, suka sa a tsarin mulki cewa baƙo ba zai mallaki fili ba. Faransa ta ɗora musu diyya mai nauyi kafin ta amince da 'yancinsu, suka yi ta cin bashi suna biya, har bankin ƙasar ya faɗa hannun baƙi, ciki har da National City Bank na New York. A watan Disamba 1914 wasu sojojin Marin suka shiga bankin Haiti da rana tsaka suka ɗauki zinariya ta dala 500,000 aka kai New York. Butler ba ya cikinsu, amma hanyar da zai bi ce aka share. A Yuli 1915 jama'ar gari suka kashe Shugaba Guillaume Sam bayan ya sa an karkashe fursunonin siyasa fiye da 160, a ranar kuma Amurka ta sauke sojoji. Ba su fita ba sai 1934.

Waɗanda suka ja daga su ne mayaƙan tsaunukan arewa da ake kira Kako. Manoma ne, makamansu tsofaffin bindigogi da adda. Daren 24 ga Oktoba 1915 Butler, yana manjo, ya ja mahaya kamar 40 suna ƙetare wani kogi cikin duhu kusa da ganuwar Dipitie, sai Kako wajen 400 suka buɗe musu wuta daga cikin daji. Dabbar da ke ɗauke da bindigarsu mai sarrafa kanta ta mutu a kogin. Wani tsohon saje mai suna Dan Daly ya koma shi kaɗai cikin dare, ya yi ta nutso har ya lalubo ta, ya goyo ta ya kawo. Da gari ya waye Butler ya kasa mutanensa uku, suka fita da gudu ta fuska uku suna ihu suna harbi, Kako suka zaci an kawo ɗauki suka watse. Daly ya samu babbar lamba a kan wannan, ta biyu ke nan gare shi, don ya samu ɗaya a Bejin. Har yau shi da Butler kaɗai ne a tarihin Marin suka same ta sau biyu a faɗa biyu daban.

Mafakar Kako ta ƙarshe ita ce Riviere, tsohuwar ganuwar dutse da Faransawa suka gina a kan tsauni mai tsawon kusan ƙafa 4,000, gefe uku duk gangare ne mai tsini. Manya suna ganin sai an kawo runduna babba da igwa. Butler ya ce a ba shi mutum 100. Suka yi hawan dare, safiyar 17 ga Nuwamba suka kewaye wurin. Da ya kai gindin bango da 'yan mutanensa sai suka tarar an toshe ƙofar da duwatsu, ba mashiga sai wata magudanar ruwa, tsayinta kamar ƙafa 4, faɗinta ƙafa 3, kuma akwai mai gadi a ɗaya bakin yana harbi ta ciki. Mutum ɗaya ɗaya kaɗai za a iya shiga, a durƙushe.

Abin da ya sa muke yarda da labarin mutumin nan shi ne, a nan bai yi wa kansa ado ba. Ya faɗa cewa da ya leƙa ramin zuciyarsa ta karaya, ya tsaya yana jinkiri. Saje Ross Iams ne ya dube shi ya gane, ya faɗa ramin a gaba. Wani kurtu mai yi masa hidima, Samuel Gross, ya bi, sannan Butler na uku. Mai gadin ya harba bai samu kowa ba, Iams ya harbe shi, su ukun suka ɓullo tsakiyar ganuwa cike da mayaƙa. Wani ƙato ya taso wa Butler da kulki, Butler ya harba ya kuskure, Gross ne ya ceci ransa. Kafin nan sauran sun fara kwararowa ta ramin. Kako, da suka ga faɗa ya zo gaba da gaba, da yawa suka yar da bindigogi suka kama adda da sanduna da duwatsu, abin da hannunsu ya saba da shi. Faɗan bai kai minti 20 ba. An kashe Kako kamar 50. A ɓangaren Amurka ba wanda ya mutu, mutum ɗaya ne dutse ya fasa wa baki ya zubar da haƙora biyu. Daga baya aka kawo nakiya aka rushe ganuwar.

Ku duba lissafin nan da kyau, jama'a: rai 50 a gefe ɗaya, haƙora biyu a ɗaya gefen. Shiga ramin nan jarumta ce, ba mai musu. To amma waɗanda suka tsaya da dutse a hannu gaban bindiga, a kan tsaunin kakanninsu, su me za a kira su? Su ba wanda ya buga musu lamba. Hatta a Washintan abin ya yi wa ministan sojan ruwa, Josephus Daniels, yawa, ya aiko da waya a dakatar da farmaki. Mataimakinsa kuwa, wani matashi mai suna Franklin Roosevelt, wanda zai zama shugaban ƙasa daga baya, ya je ya ga kufan wurin a 1917 ya tsaya sai da aka ba Butler lambar. Iams da Gross su ma sun samu.

Bayan faɗa sai mulki. Aka ba Butler aikin kafa rundunar jandarma ta Haiti, kurata baƙaƙe hafsoshi farare, tsarin da mu ma ba baƙonmu ba ne a zamanin Turawa. Yana son hanyoyin mota amma ba kuɗi, sai aka tono wata tsohuwar doka ta 1864 da ta ce talaka ya yi aikin hanya kyauta in ba zai biya haraji ba. Wanda ya ji labarin aikin tilas na layin dogo ko na haƙar kuza a Jos daga bakin tsofaffi ya san inda irin wannan ke ƙarewa. Aka kai ga kama mutane ana ɗaure su da igiya, ana kai su nesa da gida, wanda ya gudu a harbe shi. Jikokin bayi, a ɗaure da igiya, Bature na tsaye a kansu. Wannan ne ya haifar da tawaye na biyu a 1918 ƙarƙashin Charlemagne Peralte, wanda aka kashe a 1919 aka ɗaure gawarsa jikin ƙyaure aka ɗauki hoto don a tsorata mutane. Lokacin Butler ya riga ya bar ƙasar, amma shi ya dasa icen. Kafin ya tafi kuma, ranar 19 ga Yuni 1917, shi ne ya shiga majalisar dokokin Haiti da jandarmomi ɗauke da bindigogi, da takardar rusa ta a hannunsa, saboda 'yan majalisar sun ƙi amincewa da sabon tsarin mulkin da zai bar baƙi su sayi fili. Shekara ta zagayo aka zartar da tsarin.

Yaƙin Duniya na Farko, wanda ya yi ta roƙon a kai shi, bai ga fagensa ba. Aka ba shi wani sansanin sojoji a Brest ta Faransa, laka har gwiwa, annobar mura na kashe mutane. Ya je tasha ya saɓa katako a kafaɗarsa, yana birgediya janar ɗan shekara 37, ya hau tudu da shi, sojoji suka bi shi kowa da nasa, aka shimfiɗa hanyoyi da daɓen tantuna. Mai yiwuwa rayukan da ya ceta a nan sun fi na ko'ina yawa, amma ba a cika ba da wannan labari ba, don ba a harba ko harsashi ɗaya ba. A 1924 aka ba da aronsa ga birnin Filadelfiya ya gyara 'yan sanda, lokacin da aka haramta giya a Amurka. Cikin kwana biyu ya kai samame mashaya fiye da 900. Muddin na talakawa yake rufewa ana tafa masa, ranar da ya taɓa manyan otal inda masu kuɗi ke sha, magajin gari ya sallame shi. Daga 1927 zuwa 1929 ya koma Sin, ya dawo aka yi masa manjo janar yana da shekara 48.

Sai dai uban ya rasu a 1928. A 1930 kujerar shugaban rundunar Marin ta zama ba kowa, mutane da yawa na ganin tasa ce, aka tsallake shi aka ba Janar Fuller. A farkon 1931 ya faɗa a wani taro cewa an gaya masa Musolini na Italiya ya take yaro da mota bai tsaya ba. Italiya ta yi ƙara, gwamnatin Amurka ta ba Musolini haƙuri, aka tsare Butler za a kai shi kotun soja, janar na farko da aka yi wa haka tun yaƙin basasarsu. Jama'a suka yi ca, aka janye, aka bar shi da takardar gargaɗi. Ranar 1 ga Oktoba 1931 ya ajiye aiki.

Daga nan bakinsa ya buɗe. A 1932, ana tsakiyar karyewar tattalin arziki, dubban tsofaffin sojoji suka yi zaman dirshan a Washintan suna neman a biya su wani kuɗin sallama da aka ce sai 1945. Butler ya je ya yi musu jawabi, ya ci abinci tare da su, ya kwana a sansaninsu. Bayan 'yan kwanaki, 28 ga Yuli, Janar MacArthur ya zo da dawakai da tankoki da hayaƙi mai sa hawaye ya kore su, aka ƙone bukkokinsu. A Nuwamba 1934 Butler ya je gaban kwamitin majalisa ya yi rantsuwa cewa wani dillalin hannun jari, Gerald MacGuire, ya zo masa da tayi daga wasu attajirai: ya ja tsofaffin sojoji 500,000 zuwa Washintan a mai da Shugaba Roosevelt ɗan kallo. MacGuire ya musa, manyan jaridu suka yi masa dariya, amma rahoton kwamitin ya ce ya tabbatar da muhimman abubuwan da ya faɗa. Ba a gurfanar da kowa ba.

A 1935 ya fitar da ɗan ƙaramin littafi mai suna War Is a Racket, wato yaƙi damfara ce. Littafin lissafi ne tsantsa, irin wanda kowane mai rumfa zai gane. Ya kawo cewa kamfanin albarushi na DuPont yana cin ribar dala miliyan 6 a shekara kafin yaƙi, da yaƙi ya zo ta koma miliyan 58. Ya ce sababbin miloniya 21,000 yaƙin ya haifar. Sojan da ke kwance cikin rami kuwa dala 30 ake ba shi a wata, a cire na iyali, a cire na inshora, a tilasta masa sayen takardun bashin gwamnati da abin da ya rage. Hausawa sun riga sun gama maganar: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maganin da ya kawo shi ne, kafin a ɗebi 'ya'yan talakawa, a fara sa masu bankuna da masu masana'antar makamai a kan albashin nan na dala 30, waɗanda za su je fagen fama su kaɗai su jefa ƙuri'ar yaƙi, kuma jiragen yaƙi kada su wuce mil 200 daga gaɓar ƙasa. A wata mujalla a wannan shekarar ya jero aikinsa ƙasa bayan ƙasa, kowace da wanda ya ci ribarta: Honduras kamfanonin ayaba, Nikaraguwa bankin Brown Brothers, Meziko masu man fetur, Haiti da Kuba National City Bank, Jamhuriyar Dominika masu sukari, Sin kamfanin Standard Oil. Har ya yi ba'a cewa shahararren ɗan daban nan Al Capone unguwa uku yake riƙe da ita, shi kuwa nahiya uku ya yi wa aiki.

Akwai masu cewa haushin kujerar da aka hana shi ne ya sa shi magana. Ba mu ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba, mutum ne mai zafin rai da son a san da shi. Amma wasiƙun nan na Nikaraguwa sun nuna ya ga abin tun bai wuce shekara 30 da 'yan kai ba. Sai dai wannan hujja kaifi biyu gare ta. In ta wanke shi daga zargin haushi, to ta kama shi da wani: ya sani, ya kuma ci gaba har kusan shekara 20, Riviere da aikin tilas da rusa majalisa duk bayan wasiƙun aka yi su. A 1921 ma, gaban kwamitin majalisar dattawa, kare mamayar Haiti ya yi. Wanda ya yi abu cikin rashin sani da wanda ya yi yana sane, hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Kuma in an karanta lissafin nasa da kyau, asarar sojan Amurka ce ta fi cika shafin, mutanen da ke ɗaya bakin bindigar ba su samu layi da yawa ba.

Sauran shekarunsa ya ƙare su yana yawo gari gari yana jawabi kada Amurka ta sake shiga yaƙin Turai, ko da Hitila ya fara haɗiye maƙwabtansa. A nan mutane da yawa da ke ƙaunarsa suka rabu da shi. Ya rasu a asibitin sojan ruwa na Filadelfiya ranar 21 ga Yuni 1940, yana da shekara 58, kwana ɗaya kafin Faransa ta sa hannu a takardar saranda ga Jamus. Aka binne shi a West Chester inda aka haife shi. A 1942 aka sa wa wani jirgin yaƙi sunansa, jirgin ya yi faɗa a gaɓar Italiya da ta Faransa da tekun Japan. Babban sansanin sojojin Marin da ke tsibirin Okinawa na ƙasar Japan, mil dubbai daga gaɓar Amurka, har yau sunan Smedley Butler yake amsawa.